Ranar da Baban Auta Ya Loda Mota

Tun da Baban Auta ya yi ritaya gidan bai sake komawa daidai ba. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana foman a kamfanin yin kwalaye, ya saba ya nuna da yatsa a ɗauka, ya ɗaga murya a ajiye. Da aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo, sai ya dawo gida da yatsan nan nasa, babu wanda zai nuna wa sai matarsa. A watan farko ya sauya wa tukwanen kicin wuri, wai an jera su babu tsari. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa, tun daga ranar yake ɗiga. Daga baya Allah ya taimake ta ya gano ɗan siton bayan gida, ya shige da zarto da samfefa, ba a jin komai sai ƙarar goge-goge. Maman Auta ba ta taɓa tambayar abin da yake yi a ciki ba, don kada tambayar ta fito da shi.

Ita ɗinkin jakunkuna take yi, na fata da na yadi mai kauri, manya na tafiya da ƙanana na ratayawa a kafaɗa. Duk ƙarshen wata takan kai su kasuwar masu sana'ar hannu da ake ci a filin ajiye motoci na wani babban ɗakin taro. Da can Auta ce ke taya ta, 'yarsu ta ƙarshe, amma ta samu aiki a wani gari, sai ya zama ita kaɗai ke lodi, ita ke saukewa. Kuma ta iya abinta. Abin da za ta fara buƙata shi take sawa ƙarshe: jakunkuna can ciki, sannan tebur mai naɗewa, sai ƙarafan rumfa da tamfol a bakin but ɗin mota, yadda tana buɗewa hannunta zai faɗa a kansu.

Ana gobe kasuwa, tana zaune tana datse zaren da ya yi saura a bakin wata jaka, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana karkaɗe garin katako daga gaban rigarsa.

"Maman Auta, gobe da ni za a je kasuwar nan taku."

"Ka huta abinka, Baban Auta. Na saba."

"Ai hutun ne ya ishe ni. Mace kamarki tana ta kicin-kicin da ƙarafa, ni ina gida a zaune? Me mutane za su ce?"

Ta so ta ce mutane sun daɗe suna ganinta da ƙarafan ba su ce komai ba, amma ta haɗiye. Ta yi tunanin ko ba komai zai riƙe mata ƙafar rumfa.

Da sassafe ta fito tsakar gida da niyyar fara lodi, sai ta tarar an riga ta. Motar ta cika maƙil har gilashin baya, an ɗaure tebur a samanta da igiya, ƙulli a kan ƙulli. Baban Auta na tsaye gefe da hula a kai, da tef ɗin awo maƙale a ƙugu, bakinsa har kunne.

"Duba nan. Ko allura ba za ta samu wuri ba. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Haka ake lodi."

Ta leƙa ta gilashin baya. "Ƙarafan rumfar fa?"

"Suna can ƙasa, sun kwanta lafiya lau."

"Bari in ɗan duba, in ga ko komai ya shiga."

Ya tare but ɗin da jikinsa. "Kin taɓa abu ɗaya duk ya rushe. Komai ya shiga, na ce miki. Mu tafi, rana na yi."

Ta dube shi, ta dubi motar, ta dubi sama da ta fara haske. Ta shiga ta zauna, ta ɗora filas ɗin shayi a cinya, suka kama hanya.

A filin kasuwar an ja wa kowa layinsa da farin fenti, ɗan fili kamar faɗin ƙaramin ɗaki. Dokar wurin ita ce ka shigo da mota, ka sauke, ka fitar da ita nan da nan don na bayanka ya samu hanya. Wadda ke kula da wannan doka wata doguwar mata ce da kowa ke kira Mai Usur, domin ba ta magana sai ta fara busawa.

Maman Auta ta buɗe but, jakunkuna suka yi mata sallama. Kafin a kai ga ƙarafa sai da aka fito da komai. Suka yi ta jibge kaya a kan kwalta, kwali a kan kwali, har suka cika filinsu suka malala zuwa na maƙwabciyarta, wata mai sayar da sabulu da kyandir da suka daɗe suna kafa rumfa kafaɗa da kafaɗa. Motar da ke bayansu ta danna hon. Wadda ke bayan waccan ma ta taya ta. Mai Usur ta busa har jijiyar wuyanta ta tashi.

"Mai jaka! Yau kuma lafiya? Ke da kike fara gamawa?"

"Yi haƙuri, yanzun nan," in ji Maman Auta, tana jan buhun ƙarafa da ya maƙale a ƙarƙashin kujera.

Baban Auta ya ɗaga wa masu hon hannu cikin isa, kamar ma'aikatansa ne. "Ku yi haƙuri mana! Aiki ake yi!"

Maimakon ya fitar da motar, sai ya ɗan gusa da ita gefe ya dawo, wai sai ya ga rumfa ta tsaya. Ta ce masa dogayen ƙarafan su ne na sama, gajerun ana haɗa biyu-biyu su zama ƙafafu. Ya ce a hankalce ba zai yiwu ba, dogo shi ne ƙafa. Ta ce rumfarta ce, ta san ta. Ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne. Ta ja baya ta harɗe hannu, ta bar shi da hankalinsa. Da ya gama, rumfar ta tashi doguwa siririya kamar hasumiya, tamfol ɗin ya zubo ta ko'ina ya rufe shi a ciki. Daga ƙarƙashi aka jiyo muryarsa yana cewa masu ƙera rumfar ne ba su san aikinsu ba.

Sai da suka kwance ta tas suka sake haɗawa yadda ta ce tun farko. A lokacin rabin kasuwar sun gama jera kaya, wasu har sun zauna suna shan shayi suna kallonsu.

Tana juya baya don ta buɗe tebur, ta ji ƙarar tef ɗin awo. Ta waiwaya ta gan shi a durƙushe a kan layin fenti.

"Baiwar Allah," yake ce wa mai sabulu, "ƙafar teburinki ta shigo mana da kusan taƙi guda."

Mai sabulu ta dubi kwalayen jakunkuna da har yanzu ke jibge a tsakiyar filinta, ta dubi Maman Auta, ta danne dariya. "To Baba, bari in ja."

"Kada ki ja komai," in ji Maman Auta da sauri. Ta matso kusa da shi ta rage murya. "Baban Auta, don girman Allah ka naɗe abin nan. Matar nan ita ke tsare min rumfa idan zan zagaya."

"Ƙa'ida dai ƙa'ida ce."

"Na ji. Miƙo min shuɗin akwatin."

Shuɗin akwatin roba ne, a cikinsa take ajiye duk abin da ke mayar da ƙarafa da tebur su zama shago: ƙugiyoyin da take rataye jakunkuna a ƙarafan sama, zanen da take rufe tebur, da madubin da mata ke duba yadda jaka ta zauna musu. Ta duba cikin kwalaye, babu. Ta leƙa mota, babu. Ƙananan buhunan yashin da take danne ƙafafun rumfa da su ma babu ko ɗaya. Sai wani ƙaton kwali da ba ta sani ba, an naɗe shi da salatif kamar za a tura shi ƙasar waje.

"Wannan fa?"

Baban Auta ya gyara hula, ya dubi wani wuri daban. "Wasu 'yan abubuwa ne nawa."

Ta yage salatif ɗin. Maratayai ne na katako, cike da kwalin. Wani an sassaƙa shi kamar kifi, wani kamar tsuntsu ya buɗe fiffike, kowanne da 'yan turakun katako a jere na rataye makulli ko riga, da huda a sama. Ashe abin da ake ta gogewa a sito ke nan.

"Ina akwatina?"

"Wuri ne ya yi kaɗan. Na buɗe na ga tarkace ne kawai, 'yan ƙarafa da tsumma, sai na ajiye shi a baranda. Yashi kuwa, wa ke ɗaukar yashi daga gida zuwa kasuwa?"

"Tarkace." Ta maimaita kalmar a hankali. "Na ce maka in duba, ka tare mota. Ka ce komai ya shiga. Ashe ba taya ni ka zo yi ba, kanka ka kawo kasuwa."

"Ni dai na ga kamar a ɗan gefen teburin…"

"Baban Auta, can kamfani sun sallame ka, ni kuma ban ɗauke ka aiki ba. Ka fitar musu da motar nan daga hanya."

Maganar na fita ta san ta yi nauyi. Ya cire tef ɗin daga ƙugunsa ya sa a aljihu, ya shiga mota ya ja a hankali, ya bi ta ƙofar fita. Mai sabulu ta sunkuyar da kai tana gyara kyandir ɗin da ba su karkace ba.

Aka buɗe ƙofa, masu saye suka fara shigowa. Maman Auta ta jera jakunkunanta a kan tsiraicin tebur mai tabon shayi da zanen wuƙa. Duk yadda ta tsayar da su sai su kwanta a kan juna. Jakar da ta yi kwanaki tana ɗinka mata aljihu a ciki ta koma kamar kayan gwanjo. Mutane su ɗan kalla su wuce. Wata ta ɗaga ɗaya ta rataya, ta waiga tana neman madubi, da ba ta gani ba ta ajiye ta ce za ta dawo. Maman Auta ta san irin wannan dawowar.

Sai iska ta taso. Ba wata babba ba ce, amma ta isa ta shiga ƙarƙashin tamfol ta ɗaga ƙafa ɗaya ta rumfar sama. Maman Auta ta yi wuf ta cafke ƙarfen. Ta tsaya a nan, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya yana tare jakunkuna, tana amsa gaisuwar mutane da murmushin da bai wuce leɓe ba. Shi kuwa wanda ya zo don ya riƙe ƙafar rumfa, ko ƙeyarsa.

Mai sabulu ta tsallako da wani zane a hannu. "Yaya, ungo ki rufe teburin. Kuma da ni ce ke, da na yi amfani da abin da ke gabana." Ta nuna kwalin maratayan da haɓa.

"Allah ya kiyaye. Ko taɓa su ba zan yi ba."

"To ki zauna da fushinki, jakunkuna su zauna da ke."

Maman Auta ta yi tsaki, ta ƙara yin wani. Sannan ta ce wa mai sabulu ta riƙe mata ƙarfen, ta ɗauko igiyar da aka ɗaure tebur da ita, ta yanka gunduwa-gunduwa. Ta zura a hudar wani kifi ta ɗaure a ƙarfen sama, ta rataya jakunkuna a turakunsa. Suka sauko suka tsaya cak, kowace da fuskarta a waje. Ta shafa turakun da yatsa tana neman inda zai karce mata fata, don ta samu abin faɗa. Sumul suke kamar an lashe. Wannan ma ya ƙara mata haushi. Ta ɗaure tsuntsu a ɗaya gefen, ta ƙara wani kifin a baya, kafin wani lokaci rumfar ta cika da jakunkuna suna lilo.

Tana kan ɗaure na ƙarshe ta ji ƙarar baro. Baban Auta ne ke turo shi tsakanin rumfuna, da jarkoki cike da ruwa a ciki, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ba ta san inda ya samo baron ba, ba ta san nisan da ya je ba, amma ƙurar da ke takalminsa ta nuna ba kusa ba ne. Bai dube ta ba. Ya durƙusa ya ɗaure jarka a kowace ƙafa, ya girgiza rumfar ya ga ta zauna daram. Da ya miƙe sai idonsa ya faɗa a kan kifayensa da tsuntsayensa a sama. Ya daɗe yana kallo.

Ta zuba shayi a murfin filas ta miƙa masa. "Zauna ka sha. Ka ga yadda ka yi gumi kuwa?"

Ya karɓa ya zauna a kan kwali. "Wancan tsuntsun a karkace kika ɗaure shi."

"Sha shayinka, Baban Auta."

Kasuwa ta fara kyau. Aka sayi jakar tafiya, aka sayi ƙaramar baƙa. Maman Auta ta fara jin wuyanta yana saki. Sai ga wata mata da mijinta, matar ta tsaya tana kallon sama.

"Wannan na sayarwa ne?"

"Ƙwarai, hajiya. Fata ce zalla, ga zif biyu…"

"A'a, ba jakar ba. Kifin."

Kafin Maman Auta ta buɗe baki, Baban Auta ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya fara bayani tun daga irin itacen, da yadda ake barinsa ya bushe, da irin man da ya shafa masa. Mijin matar ya biye masa, suka shiga hirar ƙusa da bango. Aka kwance kifin, aka sauke jakunkunan da ke jikinsa aka ajiye mata a tebur.

Ba a daɗe ba wani ya ɗauki tsuntsu. Wata ta ce kifi biyu take so, ɗaya nata ɗaya na surukarta, kuma ba na cikin kwali ba, waɗancan na sama da ta gani da idonta. Duk wanda aka saya sai an sauke mata jakunkuna, ta ɗauko wani daga kwali ta hau kujera ta ɗaura, kafin ta sauko an nuna wani. Ta hau ta sauka har gwiwoyinta suka fara ƙara. Maza suka cika gaban rumfar suna sauraron lacca a kan katako, matan da suka zo duba jaka suka rasa ta inda za su shiga.

"Baban Auta, ka ɗan matsa da mutanenka gefe."

"Yanzu, yanzu. Yallaɓai, ka taɓa nan ka ji. Ka ji ko?"

Wajen la'asar kwalin ya koma fanko, na sama ma saura ɗan tsuntsun nan da ta ɗaure a karkace. Jakunkunanta sun dawo tebur sun kwanta a kan juna kamar da safe. Ta yi ciniki, ba za ta ce ba ta yi ba, amma ba irin na kullum ba. Mai sabulu ta leƙo tana share hawayen dariya.

"Yaya, ashe ɗan kasuwa kike ɓoyewa a gida."

"Ki ɗauke shi kyauta, har da tef ɗin."

Da aka fara tattara kaya ta neme shi ta rasa. Can sai ga shi ya dawo yana taku ɗai-ɗai, hula a karkace.

"Na yi magana da mai busa usur ɗin nan. Mace ce mai fahimta. Ta ba ni fili nawa na kaina a wata mai zuwa." Ya nuna filin da ke jikin nata ta hagu. "Nan. Na ce lallai kusa da ke, don in riƙa sa miki ido."

Maman Auta ta ajiye jakar da ke hannunta a hankali. Ta ce masa ya tsaya a nan kada ya taɓa komai, tana zuwa. Ta ratsa cikin masu naɗe tamfol da masu jan kwalaye har ta iske Mai Usur a bakin ƙofa tana ba motoci hannu.

"Don Allah wata alfarma na zo nema. Maigidana da kika ba fili, ba za a iya mayar da shi wani layin ba? Can nesa. Ko'ina ne."

Mai Usur ta cire usur daga baki ta yi dariya. "Ke ce ta nawa da ta taɓa roƙona wannan. Wuri ɗaya ya rage, ga shi can." Ta nuna ƙarshen filin, jikin katanga, inda babu ko inuwar bishiya, kwalta sai ƙyalli take. "Daga hantsi har yamma rana a kansa take. Wanda na ba wancan watan bai dawo ba. In mayar da shi?"

Maman Auta ta dubi wurin. Mijin nan nata da ko malfa ba ya yarda ya sa, ga hawan jini, ga taurin kai, ba zai taɓa cewa rana ta dame shi ba sai dai a ɗauko shi. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Bar shi inda yake."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Bar shi kawai."

Ta juyo tana tafe tana magana ita kaɗai. Tun daga nesa ta hango rumfarta tana rawa. Baban Auta ya kwance jarkokin, ya zare ƙafa ɗaya, yana kokawa da ta biyu, alhali tebur da jakunkuna da filas duk suna ƙarƙashi. Tamfol ɗin ya fara zamowa.

"Baban Auta! Ban ce kada ka taɓa komai ba?"

"Ai sauri nake taya ki, kafin layin motoci ya yi tsawo!"

Ta tattare zanenta ta sa gudu.